Mun ji, za a duba

Wata Asabar kafin damina ta sauka aka kakkafa kanofi a filin firamaren unguwarmu nan cikin garin Gombe, tun daren Juma'a mai shela yake zagayawa a kan mashin da lasifika wai honarabul zai zo jin koke-koken jama'a, kowa ya fito da abin da ke damunsa. An ce ƙarfe goma na safe. Ni tara da rabi ina wajen, sabida maƙwabcinmu da duk unguwa muke ce wa Bappa ya roƙe ni tun kwana biyu kafin nan in rubuta masa abin da zai faɗa a takarda, kar ya tashi gaban mutane ya manta. Dattijo ne, ya haura saba'in, gidansa shi ne na ƙarshe a layinmu, daga katangarsa ta baya sai kwari. Duk wanda ya san Gombe ya san irin kwarin da nake nufi, zaizayar nan da ruwa ke yi in ya gangaro daga tudu ya ratsa unguwanni, duk shekara sai ya ƙara cin ƙasa. Muna yara tsakanin gidan Bappa da bakin kwarin har ƙwallo muke bugawa. Yanzu in ka tsaya a bayan ɗakinsa ka sa ƙafa ka ture dutse, ciki zai faɗa.

Abin da ya ce in rubuta masa bai wuce layi biyar ba, kuma babu roƙon kuɗi a ciki ko sisi. Cewa ya yi tunda aka yi kwalta a saman unguwa aka ja lambatu, lambatun bai kai har ƙasa ba, a daidai saman layinmu aka tsaya, toh duk ruwan da a da yake rarrabuwa yanzu waje ɗaya yake zubowa da ƙarfinsa. Yana so a turo mai ilimin abin ya zo ya tsaya a wajen ya gani da idonsa, in da hali ranar da ake ruwa. Shikenan. Bappa bai yi boko ba amma shekara arba'in yana kallon ruwan nan, ya san inda yake fitowa ya san inda yake juyawa, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai wajen ƙarfe biyu, bayan mun yi azahar a gefen aji, sannan muka ji jiniya. Motoci suka shigo da ƙura, samari na bin su a guje suna sai ka yi, sai ka yi. Aka buɗe da addu'a. Daga nan mai gabatarwa ya shiga kiran manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, wannan kaɗai ya ci kusan minti arba'in don na duba agogon wayata. Ciyaman na jam'iyya ya yi jawabi, shugabar mata ta yi, shugaban matasa ya yi, mawaƙi ya tashi aka yi masa liƙi, sannan honarabul ya karɓi makirfo ya lissafo abin da ya yi tun daga ranar da aka rantsar da shi. Ban ce ƙarya ya yi ba, wasu ayyukan na gansu da idona. Amma taron da aka kira na jin koke, sai da rana ta yi sanyi sannan aka ce toh yanzu za a ba mutum uku dama, kuma mutum ukun ashe sunayensu na rubuce a takardar mai gabatarwa tun kafin a zo. Na farko godiya ya yi. Na biyu ya yi godiya ya roƙi a ƙara yawan masu samun tallafi. Ta ukun ita ma godiyar ce.

Duk wannan lokacin hannun Bappa na sama. Da ya ga ana shirin addu'ar rufewa sai kawai ya miƙe da sandarsa ya tako tsakiyar fili, wani yaro cikin masu tsaron manya ya tare shi, mutane suka ce kai bar shi mana dattijo ne. Ba a ba shi makirfo ba. Ya ce ranka ya daɗe, ni maganar kwari ce ta kawo ni, ya ɗaga takardar, ya fara bayanin lambatu. Ina kallon fuskar honarabul lokacin, wani na raɗa masa magana a kunne ɗaya, idonsa na kan waya, yana gyaɗa kai. Bappa bai kai rabin maganarsa ba ya ɗago ya ce Baba mun ji, mun ji, in sha Allahu za a duba. Mai gabatarwa ya ce a yi haƙuri jama'a lokaci ya ƙure, mai girma yana da wani taron. Wani ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihun gaba. Aka shiga rabon kekunan ɗinki da injinan markaɗe, aka ɗauki hotuna, da daddare na gansu a Facebook an rubuta an yi ganawa ta musamman da al'umma.

A watan Agusta na wannan shekarar, cikin dare ana ruwa, ɗakin bayan Bappa ya tafi. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki don tun farkon damina ya kwashe jikokinsa daga nan. Da safe muka taru muna tsamo kwanon rufi daga cikin laka. Bai zagi kowa ba, abin da kawai ya ce mini shi ne, ɗana da dai ya bari na ƙarasa maganar.

Wannan kalma ta tsaya mini a rai har yau, kuma ita ta sa nake wannan rubutun. Na daɗe ina juya yadda muke amfani da kalmar ji a Hausa. In aka ce yaro yana jin magana, ai nufin yana bin abin da aka ce masa. Mace mai jin maganar miji, ɗalibi mai jin maganar malam, talaka mai jin maganar hukuma. Kullum na ƙasa ne ke jin na sama. Ka taɓa jin an yabi sarki ko gwamna an ce wane akwai jin magana? In ma aka faɗa, suka ce, ana nufin wasu ne ke juya shi. Haka muka tashi, kuma akwai alheri a cikin wannan tarbiyya, ni ba zan yi wa 'ya'yana wata daban ba. Amma mulkin da muka ce mun karɓa tun 29 ga Mayun 1999 ya juya abin ne, kundin tsarin mulki a sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne kuma daga wajensu gwamnati ke samun ikonta. Ma'ana wanda muka zaɓa shi ya kamata ya zama mai jin magana. Mun ɗauko akwatin zaɓe da katin zaɓe da jam'iyyu amma kunnen bai juya ba, har yanzu in an zauna babba ke magana ƙarami na cewa haka ne ranka ya daɗe. Ni a wajena in kana so ka san an saurare ka, alamar ɗaya ce, a dawo maka da amsa. Ko da amsar ita ce ba za a iya ba bana saboda kaza da kaza, wallahi ta fi za a duba sau dubu, don ta nuna maganarka ta shiga wani waje an auna ta.

Kuma mu nan yankin bai kamata a koya mana wannan ba. Gombe sai 1996 aka cire ta daga tsohuwar jihar Bauchi, tarihin Bauchi namu ne. A farkon shekarun 1940 a garin Bauchi akwai wani zauren tattaunawa da malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke haɗuwa suna muhawara kan al'amuran ƙasa, cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, da Abubakar Tafawa Balewa wanda daga baya ya zama firayim minista. Da sanin hukuma aka buɗe zauren. Amma da tambayoyi suka fara taɓa yadda ake tafiyar da mulkin En'e da sarauta, sai aka ga abin ya yi zafi aka rufe. Maganar ba ta mutu ba, fita ta yi daga ɗaki. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, abin da aka ƙi saurara a zaure cikin ladabi ya koma ana faɗarsa a kasuwa da dandali ana ɗaure mutane a kansa. Duk lokacin da na je Bauchi na wuce ta wajen kabarin Tafawa Balewa sai in tuna cewa waɗannan mutane, da suka rabu a siyasa daga baya, a ɗaki ɗaya suka fara zama suna jin juna.

Mu dawo zamaninmu. Wa ya manta canjin kuɗi? A Oktoban 2022 babban banki ya ce zai sauya naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adi, tsofaffin kuɗi suka shiga banki sababbi suka ƙi fitowa. A Tudun Hatsi na ga manomi ya kawo buhunan masara daga ƙauye, ba shi da asusun banki, wayarsa ƙaramar rakani kashi ce, mai saye ya ce sai dai taransifa, mutumin nan ya zauna kan buhunsa har yamma. Da wani daga cikin masu tsara abin ya zo ya wuni ɗaya a kasuwar nan ko ta Kumo ko ta Dukku ya tambayi mutane yaya kuke ciniki, da ya san cewa rayuwar ƙauye kuɗi ne a hannu. Jama'a sun yi ta kuka a layin banki har ana kwana. Sai da wasu gwamnoni suka kai ƙara, kotun ƙoli ta yanke hukunci a Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, sannan aka numfasa. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga cire tallafin mai ranar rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ni ban zo in yi gardamar ko tallafin ya kamata ya tafi ko bai kamata ba, akwai masu hujja ta kowane ɓangare. Abin da nake cewa shi ne ɗan acaɓa da mai keke napep da malamin firamare ba wanda ya zauna da su kafin a yanke. A Agustan 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka yi ɓarna aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita a wasu jihohin arewa, har aka kai ƙananan yara kotu a Abuja a watan Nuwamba wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Ban goyi bayan ƙone-ƙone da sata ba ko kaɗan. Amma yunwar da ta fito da su titi, sun fi shekara suna faɗarta a hankali.

Kuma ba wai gwamnati ba ta iya sauraro ba ne, ta iya in ta ga dama. Dubi maganar dokokin haraji. A Oktoban 2024 gwamnonin arewa, ƙarƙashin shugabancin gwamnanmu Muhammadu Inuwa Yahaya, suka zauna a Kaduna da sarakuna suka ce ba su yarda da yadda aka tsara rabon harajin kayayyaki ba. Aka yi ta kai-komo wata da watanni, majalisa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a, aka gyara tsarin rabon, aka bar harajin a kashi 7.5 maimakon ƙarin da aka so yi tun farko, sannan aka sa hannu a Yunin 2025. Na ji daɗin wannan, don haka ya kamata a yi doka, a kawo, a yi ƙorafi, a koma a gyara. Abin da nake fata kawai shi ne irin kunnen da Abuja ta ba gwamnoni, gwamnoni da 'yan majalisa su ba irin su Bappa kwatankwacinsa.

In mutum ya yi magana sau ɗaya sau biyu ya ga iska ce ke kwashewa, shiru yake yi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su wuce kusan miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari, tun 1999 ba a taɓa yin ƙasa haka ba. Akwai wahalar kuɗi ta lokacin, akwai tsoro, akwai nisa, duk gaskiya ne. Amma a layinmu na san gidaje da katinsu na cikin akwati kuma rumfar zaɓe ba ta fi taku ɗari biyu ba, ka tambaye su su ce toh in mun zaɓa wa zai ji mu.

Doka ta tanadi hanyoyi fa. Jihar nan muna da sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 6, 'yan majalisar jiha 24, ciyamomi 11, ga kansila a kowace gunduma cikin gundumomi 114. Wannan kunnuwa ne da yawa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ka dama ka rubuta wa ma'aikatar tarayya ka nemi bayani kuma ta ba ka amsa cikin kwana 7. Akwai kiranye a sashe na 69 da na 110, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu INEC ta tantance sai a yi ƙuri'ar raba gardama, sai dai sharaɗin ya yi nauyi, har yau ba ɗan majalisar da aka dawo da shi gida ta wannan hanya, wanda aka gwada a Kogi a 2018 a wajen tantance sa hannu ya mutu. Ni wanda ya fi damuna shi ne kansila, don shi ne wanda muke haɗuwa da shi a masallaci da wajen jana'iza, ya san kwarin ya san Bappa. Amma in ka je masa sai ya buɗe hannu ya ce wallahi Hamma ba komai a hannuna. A Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ina fatan ranar da zan je wajen kansila ya saurare ni kuma yana da abin da zai yi a kai.

Yanzu bari in faɗi nawa, don ba daidai ba ne in nuna wasu da yatsa in ɓoye abin da ni ma na yi. Shekaru uku da suka wuce ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Wani bawan Allah ɗan unguwa da ke aiki a kudu ya ce zai haƙa mana burtsatse mai sola, mu zaɓi waje. Muka yi mitin bayan isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, mu goma sha wani abu, duk maza. Muka zaɓi wani fili a tsallaken titi don yana da faɗi, kuma mai filin ya bayar kyauta, kuma gaskiya duk mai wucewa zai gani ya yi wa mai aikin addu'a. Na rubuta a littafi an amince baki ɗaya. Washegari da safe yayata, Adda, wadda take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, tana zuba mini kunu ta ce na ji kun ce tsallaken titi za a yi. Na ce eh. Ta ce wa yake ɗebo ruwa a cikinku? Na yi shiru. Ta ce yara ne fa, 'yan shekara bakwai takwas da jarka a ka, kuma titin nan 'yan acaɓa ba sa tsayawa. Ta ce akwai lungun bayan islamiyya, ƙarami ne amma ba mota ba mashin. Abin da na ce mata, kuma ina tuna shi kalma da kalma, shi ne Adda an riga an gama magana, amma na ji, zan faɗa musu. Ban faɗa ba. Na ga kamar in na koma da maganar za a ce sakatare mata ne ke juya shi.

Wata huɗu da buɗe burtsatsen mashin ya buge wata yarinya 'yar maƙwabtanmu tana tsallakowa da bokiti, ƙafarta ta karye, ta yi wata biyu a kwance ba makaranta. Na je dubiya na kasa haɗa ido da uwarta. Adda ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Daga baya muka yi karo-karo muka ja fayif zuwa lungun da ta faɗa muka sa kan famfo uku, kuɗin da da mun saurare ta da ba a kashe ba. Ranar da na ga honarabul yana gyaɗa wa Bappa kai idonsa na kan waya, na gane fuskar, don na taɓa yin ta a tsakar gidanmu da kofin kunu a hannu.

Malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa ya taɓa karanta mana labarin Badar, yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka da runduna a wani waje, sai sahabi Hubabu ɗan Munziru ya tambaya shin wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce masa dabara ce sai ya ba da shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, kuma aka tashi aka matsa. Malam ya tsaya a nan ya ce ku lura, an tashi an matsa. A Alƙur'ani akwai sura sukutum mai suna Shura. Abokan zamanmu Kiristoci na Billiri da Kaltungo su ma in ka zauna da su za su karanto maka daga nasu littafin inda aka ce mutum ya yi saurin ji ya yi jinkirin magana. Ba baƙon abu aka kawo mana daga Ingila ko Amurka ba.

Sannan mu talakawa tsakaninmu ma fa ba ma jin juna. Lokacin kamfe kowa ya ga yadda ake yi, ga 'yan kalare da a baya suka addabi garin nan, wanda aikinsu a taro shi ne su hana ɗan wata jam'iyya buɗe baki, ga sojojin baka a rediyo, ga mu a Facebook da WhatsApp mutum bai gama karanta abin da ka rubuta ba ya riga ya yanke cewa an biya ka. Bayan zaɓen 2023 na yi kusan wata biyu ba na magana sosai da wani abokin aikina Batangale saboda na san ba ɗan takara ɗaya muka zaɓa ba, na riga na ƙulla a raina cewa addini ne kawai ya ja shi. Sai aiki ya haɗa mu tafiya Bauchi a mota ɗaya, awa biyu ba inda za ka gudu, wajen Alkaleri na daure na ce don Allah gaya mini dalilinka, ba zan katse ka ba. Ya yi magana har muka shiga gari. Maganar ƙaninsa ce da ya gama jami'a shekara shida ba aiki, da yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya cinye wa 'yarsa wata takwas, da yadda yake ji in an yi rabon muƙamai ya duba bai ga nasu ba. Ban canja ra'ayina kan wanda na zaɓa ba, shi ma bai canja ba. Amma rabin abin da ya faɗa damuwata ce ni ma, ɗaya rabin kuma ban taɓa tsayawa na kalle shi ta wajensa ba sai ranar.

Bappa yanzu yana ɗakin zaure, ya toshe inda ya rushe da buhunan yashi da muka cika masa. Bayan sallar da ta wuce mu biyar muka ɗauki littafi muka bi gidajen bakin kwari ɗaya bayan ɗaya, gida goma sha tara, wannan karon Adda da wata malamar islamiyya suka shiga ciki wajen mata mu muka tsaya a zaure. Abin da matan suka faɗa ya fi namu yawa, su suka san wane dare ruwa ya shigo har gindin murhu, su suka san shaddar wa ta tsage. Muka rubuta duka, muka haɗa da bidiyon da wani yaro ya ɗauka ranar da ake ruwa a daidai inda lambatun ya tsaya, muka sa bayanin Bappa a shafin farko yadda ya faɗe shi har ƙarshe. Mun kai kwafi ofishin mazaɓa, mun kai sakatariyar ƙaramar hukuma, mun kai ma'aikatar da abin ya shafa, ko'ina mun sa an buga mana hatimi a namu kwafin da kwanan wata. Yau kwana ashirin da uku. Jiya da magariba Bappa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ɗana an ce wani abu? Na ce tukuna Bappa, amma ran Litinin zan sake komawa. Ya ce toh in za ka je ka biyo ta nan, tare za mu tafi.